In Babba Ya Yi Kuskure A Sama, Wa Zai Gaya Masa?

Duk wanda ya taɓa kwana a Agege, ko a Zango wajen 'yan goro, ko can Oko-Oba wajen mahauta, ya san ba a raba garin nan da ƙugin jirgin sama. Babban filin jirgin Ikko, wanda ya ke a Ikeja, a ke kiransa da sunan Murtala Muhammed, yana nan kudu da garin kaɗan. Jiragen da za su sauka kuwa galibi ta arewa su ke ɓullowa, su bi ta kan Iju da Agege ƙasa ƙasa, har yaro ya iya ƙirga tayoyinsu. Baƙo ya kan ɗaga kai, 'yan gari kuwa sun daina tuni. Amma kowane jirgi ya wuce akwai mutum biyu zaune a gabansa suna magana da juna, maganar nan tasu kuwa ta shafi na cikin jirgin, ta kuma shafi masu kwana a ƙarƙashin hanyarsa.

Da fari sai mu san yadda aikin ya ke. A ɗakin matuƙa kujera biyu ce. Ta hagu ta kyaftin ce, watau shugaban jirgi, ta dama ta mataimakinsa. Mutane da yawa suna tsammani mataimakin nan ɗan koyo ne, ko kuwa an ajiye shi ne don ko ciwo ya kama kyaftin. Ba haka ba ne. Shi ma cikakken matuƙi ne mai takardar shaida, ga kuma duk abin tuƙi a gabansa kamar yadda ya ke a gaban kyaftin. Karɓa-karɓa su ke yi: in wannan ya tuƙa zuwa Kano, wancan ya tuƙo dawowa. Wanda ba ya tuƙi ba hutawa ya ke ba. Shi ne mai magana da hasumiya ta rediyo, shi ne mai karanta takardar ƙa'idodi ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma mai tsare agogunan nan da ido, in ya ga ɗan'uwansa ya kauce ya faɗa. Ashe rabin aikin mutum na biyu faɗa ne. In ya gani ya yi shiru, ko ya faɗa yadda ba za a ji ba, jirgin ya zama na matuƙi ɗaya ke nan, ko da ya ke kamfani yana biyan albashin biyu.

Yadda aka yi muka san abin da su ke faɗa kuwa, akwai na'urar da a ke kira baƙin akwati. A gaskiya biyu ne, kuma ba baƙaƙe ba ne, launin ruwan goro a ke shafa musu don a gan su cikin tarkace. Ɗaya yana rubuta gudun jirgi da tsawonsa daga ƙasa da aikin injuna, ɗayan yana ɗaukar muryoyin matuƙa.

To, ran Juma'a 3 ga Oktoba 1913 babu jirgi ko ɗaya a Ikeja, daji ne. Shekara ɗari daidai bayan haka, ran Alhamis 3 ga Oktoba 2013 da hantsi, wani ƙaramin jirgi mai farfela biyu, ƙirar Embraer 120, na kamfanin Associated Aviation, ya hau titin tashi a can. Akure za shi, ɗauke da gawar Olusegun Agagu, tsohon gwamnan Jihar Ondo, wanda kuma ya taɓa riƙe ministan sufurin sama. Mutum 20 ne a ciki. Kyaftin ne ke tuƙi.

Ana ƙara wa injuna wuta sai na'urar gargaɗi ta yi magana, tana cewa leɓatun fiffike ba su daidai da tashi. Leɓatun nan wasu faifai ne a gefen bayan fiffike, a kan sauko da su kaɗan lokacin tashi don iska ta ɗauki jirgi tun bai yi gudu da yawa ba. Ba a tsaya ba. Mataimaki ya lura jirgin ba ya ɗaukar gudu yadda ya saba, ya faɗa. Wani gargaɗi kuma ya biyo baya, game da farfela. Ashe injin dama ba ya ba da ƙarfinsa. Nan fa mataimaki ya tambayi kyaftin ko a fasa tashin, kyaftin ya nuna a ci gaba. Aka ɗaga hancin jirgi tun gudu bai kai ba. Mataimaki ya ce a bi a hankali, da suka rabu da ƙasa kuma ya gargaɗi kyaftin kada ya bari iska ta saki fiffike. Haka kuwa aka yi. Jirgin bai wuce ƙafa ɗari da 'yan kai sama ba, ya karkata dama, ya faɗo kusa da ma'ajin man jirage. Mutum 16 suka rasu.

Hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta Nijeriya ta lissafta dalilai: lalacewar abin da ke sarrafa farfelar dama, da ci gaba da tashi bayan gargaɗi, da halin kamfanin, da ƙarancin sa ido na hukuma. Cikin lissafin har da rashin aiki da ƙa'idodin haɗa kai tsakanin matuƙan biyu.

Ku duba da kyau, jama'a. Mataimakin nan ba makaho ba ne, ba kuma bebe ba. Ya gani, ya kuma yi magana har sau uku ko huɗu, duk abin da ya faɗa kuwa gaskiya ne. Abin da ya rage shi ne siffar maganar. Tambaya ya yi. Ita tambaya kuwa ƙofa biyu gare ta, wanda aka tambaya ya fita ta wadda ya ga dama. Mutumin da ya riga ya ƙudura a ransa tafiya za a yi, ga gawar babban mutum a baya, ga jama'a suna jira a Akure, in ka ce masa, “Ko mu fasa?” kalma ɗaya ta ishe shi ya sallame ka. Da an ce masa, “Inji ba ya ja, ga gargaɗi biyu, tsaya!” da sai ya nemi hujjar da zai ƙi, neman hujjar nan kuwa shi ke farkar da mutum. A dokar tuƙi, muddin jirgi bai kai gudun kamar mil 90 a awa ba, kowane gargaɗi irin wannan ya isa a taka birki, don tsayawa a lokacin ba ta da hatsari. Akwai kuma wani gudu da a ke lissafawa tun kafin a tashi, wanda in an wuce shi titi ba zai isa a tsaya ba, sai tashi. Duk shawarar fasawa tsakanin nan ta ke, sakan talatin ko ƙasa da haka. Babu wurin gaisuwa da shimfiɗa.

Ba na ɗora wa marigayin laifi. Mai zaune a kujera cikin laburare, da shekaru a hannunsa, ya fi wanda ke da sakan goma iya tsara magana.

Shekara guda da 'yan watanni kafin wannan, mutanen Agege sun ga nasu a ƙofar gida. Ran Lahadi 3 ga Yuni 2012 jirgin Dana Air, ƙirar MD-83, ya tashi daga Abuja gab da ƙarfe uku na rana da mutum 153. Minti 17 da tashi injin hagu ya daina amsa umurni. Kyaftin Ba'amurke ne, ya yi awa fiye da 18,000 a sama. Mataimakinsa Ba'indiye, awarsa 1,100 da 'yan kai. Suka tattauna matsalar. Akwai injiniyan kamfani cikin jirgin, mataimaki ya kawo shawara a kira shi, kyaftin ya ga za su iya da kansu. Ba su ɗauko takardar ƙa'idodin da aka tanada domin irin wannan ba. Ga Abuja a bayansu ba nisa, ga filayen Akure da Ibadan kusa da hanyarsu, suka wuce. Suna gangarowa Ikko sai inji na biyu shi ma ya ƙi amsawa. Sai a sa'an nan suka yi kiran neman ceto. Wajen ƙarfe huɗu saura kwata jirgin ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, mil shida bai cika ba zuwa filin. Duk na ciki suka rasu, da mutum 6 a ƙasa waɗanda ba su sayi tikiti ba, ba su kuma da niyyar zuwa ko'ina. Rahoton ƙarshe ya fito cikin Maris 2017. Ya ambaci lalacewar injunan, ya kuma ambaci barin takardar ƙa'idodi, da rashin gane girman matsalar, da ƙin sauka a fili mafi kusa.

Nan ba sakan talatin ba ne, kusan rabin awa suka samu. Amma ku auna awa 18,000 da awa 1,100. Mu ce ɗalibin shekarar farko ne zaune kusa da Firinsifal.

Kada wani ya ce wannan ciwon Nijeriya ne, ko na baƙar fata. Haɗarin jirgi mafi muni da aka taɓa yi a duniya, Turawa ne zalla a gaba. Ran 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerif da ke cikin teku yamma da Maroko, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na KLM ta ƙasar Holan, ɗaya na Pan Am ta Amurka, suna kan titi ɗaya cikin hazo mai kauri. Kyaftin na KLM, Van Zanten, shi ne shugaban masu koyar da tuƙin irin jirgin a kamfaninsu, har hotonsa a ke bugawa cikin tallar kamfanin. Shi ne ma ya jarraba mataimakin da ke zaune kusa da shi, ya ba shi shaidar tuƙin 747, watanni kaɗan kafin ranar. Suna cikin gaggawa. Kyaftin ya fara ƙara wuta, mataimaki ya tsai da shi, ya ce ba a ba su izini ba tukuna. Kyaftin ya janye, ya ce a nema. Hasumiya ta ba su izinin hanyar da za su bi bayan sun tashi, wanda daban ya ke da izinin tashi. Mataimaki yana cikin maimaita wa hasumiya sai kyaftin ya saki birki. Wannan karon mataimaki bai sake tsai da shi ba. Mutum na uku a ɗakin, injiniya, ya ji wata magana a rediyo, ya tambaya ko jirgin Pan Am bai fita daga titi ba. Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Injiniya ya yi shiru. Mutum 583 suka mutu.

Kun ga gyara na farko ya yi sauƙi. Na biyu shi ne mai nauyi, gyara babba sau biyu cikin minti ɗaya.

A ƙarshen 1978 kuma jirgin United Airlines ya yi ta kewaya garin Fotlan a Amurka wajen awa guda, kyaftin ya duƙufa kan matsalar taya, na ƙasa da shi suna ambaton mai a kaikaice, har man ya ƙare. Mutum 10 suka mutu. Kusa da mu, ran 5 ga Mayu 2007, jirgin Kenya Airways ya tashi daga Duwala ta Kamaru da tsakar dare, ya yi ta karkata dama a hankali har ya kife cikin fadama da mutum 114. Kyaftin shekararsa 52, mataimaki 23. Masu bincike sun ce mataimakin mai kawaici ne, kyaftin kuwa ya yi masa kalmomi masu zafi tun a zangon farko daga Abijan. Wanda aka yi wa tsawa da magariba, da wuya ya buɗe baki da tsakar dare.

Bayan Tenerif da Fotlan masana suka ga gyaran inji kaɗai ba zai isa ba. A 1979 hukumar NASA ta Amurka ta tara su kan wannan batu, a 1981 kamfanin United ya fara koya wa matuƙansa sabon darasi, wanda a ke kira da haruffa uku, CRM, watau dabarar amfani da duk mutanen da ke cikin jirgi da abin da kowannensu ya sani. Yau darasin nan tilas ne ga matuƙan jiragen fasinja, har da na Nijeriya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikinsa shi ne ba a ce wa mataimaki ya yi ƙarfin hali kawai ba. Ƙarfin hali ba ya koyuwa da wa'azi. Tsani aka kafa masa, mai matakala huɗu, aka ce in ta ƙasa ba ta yi ba ya hau ta sama. Da fari ya yi tambaya: “Kyaftin, ka ga agogon injin dama?” Wannan ta kan isa sau da yawa, ba kuma wanda ya ji kunya. In ba a kula ba, ya faɗi abin da ya gani da abin da zai haifar: “Injin dama ya rage, gudunmu ba zai kai ba.” In har yanzu shiru, ya ƙalubalanta da sunan aikin da ya kamata: “Kyaftin, wannan ba lafiya, mu tsaya yanzu.” Matakala ta ƙarshe, in mutuwa ta fuskanto, ya ce ya karɓi jirgi, ya kama tuƙi. Wasu kamfanoni suna da doka cewa in an yi wa mai tuƙi magana sau biyu bai amsa ba, bai kuma gyara ba, a ɗauka hankalinsa ba ya wurin, ɗayan ya karɓa. Kamfanoni sun bambanta kan wanda ke da ikon taka birki a kan titi, da yawa sun bar wa kyaftin, amma kiran matsala da sunanta da babbar murya wajibin kowa ne. Haka kuma in mataimaki ya ce a fasa sauka a sake kewayowa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce a fasa tukuna, gardama sai an hau sama.

Amfanin tsanin shi ne kalmomin ba na mataimaki ba ne, na doka ne. Kyaftin ya san su, shi ma da su aka horar da shi. Saboda haka in ya ji su, ba yaro ne ya raina shi ba, ƙa'ida ce ta yi magana ta bakin yaro.

Rabin darasin kuma na kyaftin ne. Tun kafin a rufe ƙofa shi zai buɗe hanya, ya ce wa mataimakinsa, in ka ga wani abu faɗa mini, ko da kana shakka. In za a yanke shawara mai wuya ya fara jin ta ƙarami kafin ya faɗi tasa, don in babba ya riga ya faɗa, sauran sai amin. Akwai kuma dokar da Amurka ta kafa a 1981, ta bazu duniya, cewa ƙasa da ƙafa 10,000 ba hira a ɗakin matuƙa sai maganar aiki. Ran 19 ga Yuli 1989 aka ga ribar wannan koyarwa. Injin wutsiya na wani jirgin United, ƙirar DC-10, ya fashe a sama, ya tsinke duk jijiyoyin da ke juya jirgin. Kyaftin Al Haynes bai ce shi ne mai sani ba. Ya saurari mataimakinsa da injiniyansa, ya kuma karɓi taimakon wani malamin tuƙi, Dennis Fitch, da ke cikin fasinja, wanda ya zo ya riƙa juya jirgin da ƙara wa inji ɗaya wuta da rage wa ɗaya. Suka kai filin Su Siti a Jihar Ayowa. Jirgin ya tarwatse wajen sauka, amma cikin mutum 296 fiye da 180 suka rayu. Haynes da kansa ya sha faɗa cewa ba don horon nan ba da ba su kai ba.

To, ina mu? An goye mu da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne cikin sha'anin aure da gado da zaman duniya. Amma allurar agogon inji ba ta san furfura ba, wanda idonsa ke kanta shi ke ganinta. An kuma koya mana kunya, da sunkuyar da kai, da “sai abin da ka ce, ranka ya daɗe”. Ban ce a zubar da waɗannan ba, ni ma ba na son zama cikin garin da yara ba su da ladabi. Abin da na ke cewa shi ne mu ma muna da namu tsanin, ba sai mun aro ba. Ku tsaya a tashar Agege ku ga babbar mota tana ja da baya. Direba uban gida ne, yaron mota ko kwanon abincinsa ba ya taɓawa sai an ba shi. Amma in yaron ya buga jikin mota ya ce “Tsaya!” direba birki ya ke takawa nan take, ba ya leƙowa ya ce wa kake ɗaga wa murya. Ya san yaron yana ganin abin da madubi ba ya nuna masa. Haka nan a masallaci, in liman ya yi mantuwa cikin salla, kowane mamu yana da kalma sananniya da zai faɗa a bayansa, ko da shi ne ƙaramin sahu, liman kuwa ya gyara ba tare da an ce an ci mutuncinsa ba. Duka biyun sirrinsu ɗaya da na matuƙa: an san kalmar tun da wuri, an kuma yarda wa zai faɗe ta. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Inda abin ya taɓa mu, mu masu koyon aikin malanta, shi ne matuƙin da zai zauna a kujerar dama nan da shekara ashirin yanzu yana aji uku, wataƙila a makarantar da za a tura ɗayanmu. Haka ma nas ɗin da za ta ga likita ya rubuta magani fiye da kima, da akawun da zai ga shugabansa ya sa hannu inda bai kamata ba. Asibitoci a ƙasashe da dama sun riga sun ari darasin matuƙan domin ɗakin tiyata. Yaron da ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, lissafin nan bai fita ba,” aka yi masa tsawa a gaban aji, ya koyi darasi a ranar, sauran arba'in ɗin da ke kallo su ma sun koya, kuma ba lissafi suka koya ba. Mu kan yaba aji mai shiru. A ganina shiru iri biyu ne, mai duba malamai kuwa daga bakin taga ba ya iya rarrabe su.

Matuƙa ba su bar abin ga sa'a ba. Akasari duk wata shida a kan shigar da su wani ɗaki da aka ƙera kamar gaban jirgi, yana motsi kamar gaske, a jefo musu matsaloli, a ba su maki kan tuƙi da kuma kan yadda suka yi magana da juna. Wani lokaci a kan shirya da kyaftin a ɓoye ya yi kamar ya suma ana cikin sauka, ya bar amsawa, a ga sakan nawa mataimaki zai ɗauka kafin ya karɓi jirgi.

Wannan gwaji ba ya bukatar inji, alli ya isa. Waɗanda za su fita koyarwar gwaji a zangon nan suna iya jarrabawa. Ran farko a gaya wa yara kalmar da za su faɗa in sun ga kuskure a allo, a sa su maimaita ta tare har bakinsu ya saba. Bayan kwana biyu a rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu da gangan, a juyo a ci gaba da darasi, ana duban agogo a ɓoye. A rubuta minti nawa aka yi kafin wani ya yi magana, da wanda ya yi ta, namiji ko mace, na gaba ko na baya, da ko faɗa ya yi ko tambaya. A sake a mako na huɗu da wani lissafin, a kawo adadin biyu wurin malamin dabarun koyarwa mu gwama na makarantu daban daban.